Mata Arba'in da Uku, Maigida Guda

Shafi na 11

Jama'a, na ga saƙonninku duka. Wadda ta ce in ban sako ci gaba yau ba za ta biyo ni har shago, ki zauna gida, ga shi nan.

Wanda ya shigo yanzu, ga inda muka tsaya. Shekarar 2010 ce, damina ta ƙi, soja ke mulki. Ɗiyata Zara'u ta samu aiki a wani kamfani nan Tasawa, wanda aka ba shi aikin rubuta gidajen da za a raba wa hatsin agaji. Ana ba ma'aikaci ƙaramar na'ura ta hannu ya shiga ƙauyuka ya rubuta mutane, in ya dawo a juye cikin babbar ordinatar ta biro, wato kwamfutar ofis. Ran Litinin aka je rabo Tudun Auta, wani ƙauye bayan Kanan-Bakashe. Mai kiran suna ya duba takarda ya ce, "Maigida!" Mata arba'in da uku suka miƙe tare. Buhu guda aka rubuta musu.

Zara'u ce ta rubuta ƙauyen.

*

Ran Laraba da hantsi na bar ɗinkin mutane a kan keke, na ja ƙofar shago na bi ta. Ba ta so ba.

"Baba, ka koma. Aikina ne."

"Aikinki ne, amma ɗiyata ce ake maganar kai wa hannun hukuma a jandarmari."

"Ba wanda zai kai ni."

"Ke kika ce."

Haka muka kai. Biron ɗaki biyu ne bayan babbar hanya. Na waje nan ma'aikata ke zama a kan banci. Na ciki na shef ne, wato shugaban wurin, can babbar ordinatar take, an lulluɓe ta da zane kamar amarya. Wata biyu Zara'u na aiki nan, ranar ce ta farko da ta taka ɗakin.

Shef Abdussalamu ya miƙe da fara'a. Mutum ne mai tsabta, rigarsa ba ta taɓa yamutsewa.

"Malam Salifu! Bisimilla, zauna. Gara da ka zo, manya sun fi saurin fahimta."

Na zauna. Zara'u ta tsaya, don kujera guda ce.

Ya turo mini takarda. Faransanci ne. Ni aji shida na tsaya a lakwal, wato boko, sai na bi ta da yatsa a hankali. Abin da ta ce shi ne, Zara'u Salifu ta amsa cewa ita ta ƙirƙiro gidaje arba'in da uku na ƙarya da suna guda, don a karkatar da hatsi, na'ura ta kama ta. Ta bar aiki da kanta. Kamfani ya yafe, ba zai kai ƙara ba.

"Ƙarfe sha ɗaya kapitan zai iso," in ji shef. "Wanda aka ɗora wa rabon hatsin yankin nan. In ya tarar ta sa hannu, zan ce mun gama magana a gida. In bai tarar ba, to, ka san soja."

Na san soja. Watan da ya wuce aka ɗauki mai tsaron mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, a unguwarmu saboda buhu shida da suka ɓace. Har ranar matarsa na kai masa fura gidan kaso.

Na janye hannuna daga takardar. Na ɗora shi kan gwiwa.

Zara'u ta ce, "Shef, zan iya magana?"

"Babu wata magana, *mademoiselle*. Ga bik, ki sa hannu."

"Ranar da na fara aiki, wa ya nuna mini na'urar nan?"

"Ba wannan ya tara mu ba."

"A cikin leda ka miƙo mini ita, babu abin caji. Littafinta da Ingilishi yake. Na ce a nuna mini, ka ce, 'Ba kin yi lakwal ba? *Débrouille-toi*.' Wato in san yadda zan yi. Ka hau mota ka tafi Maradi. Kwana uku ina zaune bisa bancin can ina danne-danne ni kaɗai, sai Irmiya mai inji ya ara mini cajinsa. Ran na huɗu aka ce in hau moto in tafi Tudun Auta."

"Kowa haka ya fara."

"Shi ne abin da nake faɗa."

Na ce, "Zara'u, a hankali."

Ba ta ko dube ni ba.

"Na isa ƙauyen, babu maza. Duk sun tafi biɗa, wasu Katsina, wasu Kano, sun bar mata da yara. Na'ura na neman sunan mai gida, in ba ka cika wurin ba ba ta wucewa gaba. Na tambayi ta farko sunan mijinta, ta rufe baki ta ce 'maigida'. Ta biyu haka. Ta uku har ta yi fushi. Na hau tudu ina neman rezon waya, na kira ka. Ka tuna abin da ka ce?"

"Ina amsa waya ɗari a yini."

"Ka ce, 'Rubuta abin da suka faɗa miki, kar ki ƙara, kar ki rage.' Ka kashe."

"Kina da shaida?"

"A waya ne."

"To."

Ya jingina da kujera yana juya bik. Ya dube ni, ni yake so, ya san inda ƙafar take da rauni.

"Malam, kai uba ne. Aiki ana samun wani. Amma ɗiya mace ta kwana jandarmari ko dare guda, ka san Tasawa. Bakin mutane ba ya mantuwa."

Ba zan ɓoye muku ba, jama'a. Na ɗauki bik ɗin nan da hannuna, na miƙa wa ɗiyata.

"Sa hannu mu tafi gida."

"Baba?"

"Na ce ki sa. Allah ya san gaskiya, ni ma na sani. Ya isa."

Ta dubi bik ɗin, ta dube ni. Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta motsa ba.

"Baba, ka karanta da kyau? Takardar ta ce gidajen ƙarya ne. In na sa hannu, matan nan sun zama babu su. Wanda babu shi ba a ba shi hatsi. Na ci tuwon jiga a gidajensu, Baba. Ganye suke dafawa."

"Ni ke na haifa, ba su ba."

"Na sani. Ka yi haƙuri."

Ta karɓi bik ɗin a hannuna da ladabi, har da rusunawa, ta ajiye shi kan tebur gaban shef.

Tun tana goye ban taɓa ba ta umarni ta ƙi ba.

Shef ya buɗe baki ke nan muka ji ƙugin mota a waje. Ya dubi agogo. Goma da kwata.

*

Kapitan dogo ne, baƙi, ba ya da yawan magana. Kofur guda na bayansa da bindiga. Abin da ba mu zata ba, wata tsohuwa ce ta biyo su, 'yar ƙarama, ƙafarta duk faso, ta ɗaure zane a ƙirji ta yafa wani.

Zara'u ta ce, "Inna Lalla!"

"Ke ce 'yar mashin! Sannu ɗiyata. Kin gane ni?"

Kapitan ya ce, "Tun jiya tana zaune ƙofar biro na. Da ƙafa ta zo har bakin hanya. Ta ce ba ta tashi sai ta ga wanda ya aura wa mata arba'in da uku miji guda."

Kofur ya danne dariya. Shef bai yi ba.

Na tashi na ba tsohuwa kujera, ta ce ita ƙasa ta saba, ta zauna bisa siminti ta miƙe ƙafa. Kapitan ya ja kujerar ya zauna.

"Wane ne wannan?"

"Ubanta ne, *mon capitaine*."

"Sana'a?"

Na ce, "Tela, ranka ya daɗe."

"Tsaya can." Ya juya ga shef. "Ina jin ka."

Shef ya gyara murya ya shiga Faransanci. Kapitan ya ɗaga hannu.

"Da Hausa. Tsohuwa ta yi tafiya don ta ji."

Shef ya koma Hausa. Ya ce na'urarsu ta zamani ce, an yi ta don hana sata. In ta ga suna guda, ranar haihuwa guda, ƙauye guda, ta san an maimaita ne, sai ta bar ɗaya ta share sauran. A Tudun Auta ta ga Maigida sau arba'in da uku, duk an haife su ɗaya ga Janairu.

"Na'ura ba ta ƙarya, *mon capitaine*. Mutum ke yi."

Kapitan ya dubi Zara'u.

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce."

"Duk ɗaya ga Janairu?"

"Ba su san ranar ba. In ka bar wurin, na'ura ke sa wannan da kanta. Ni ma bayan sati biyu na lura."

"Sunan fa?"

"Mata ne suka amsa mini, ranka ya daɗe. Ba su faɗin sunan miji."

Shef ya yi tsaki. "Wannan zancen da ne. Yanzu wa ke..."

"Yi shiru."

Kapitan ya sunkuyo wajen tsohuwa.

"Inna, mi sunan mijinki?"

Inna Lalla ta ja gefen zane ta rufe baki.

"Ina tambayarki."

"Ɗan nan, ba ka da uwa?"

"Ina da ita."

"Ka taɓa jin ta kira sunan ubanka?"

Kapitan ya kawar da kai.

"To mi ya sa kake son ka tona mini asiri gaban maza?"

"Inna, dubi kayan jikina. Gwamnati ce ke tambaya. In ba ki faɗi suna ba, babu hatsi."

"A bar shi."

"Kin ce jikokinki ba su ci ba."

"Ba su ci ba. Shekara arba'in da wani abu ina ɗakinshi, haihuwa tara, ko a faɗa ban kira shi ba. Sai yau, don buhu? Ka tambayi maƙwabciyata ta hwaɗa maka, ni in hwaɗa maka nata. Amma ni da bakina? Ko ka sa wancan ya ɗana mini bindiga."

Kofur ya juya fuska bango, kafaɗarsa na rawa.

Kapitan ya shafa gemu. Na ga bakinsa ya so motsi, ya hana shi.

"Tela."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Kai matarka mi take ce maka?"

"Malam."

"Kai malami ne?"

"Ko kusa. Shekara ashirin da shida ke nan."

Ya gyaɗa kai. Ya koma ga Zara'u.

"Ke 'yar garin nan ce, kin san al'adar. Mi ya hana ki yi dabarar da tsohuwa ta faɗa?"

"Ranar farko tsoro ya hana ni, an ce kar in ƙara kar in rage. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ban iya barci da shi ba. Ran Lahadi na hau motar kasuwa na koma, na bi gida gida, kowace na tambayi maƙwabciyarta."

Ta buɗe jakarta ta fito da kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, bangonsa ya yi laushi don yawan riƙo. Ni kaina ban san da shi ba.

"Ga su nan, arba'in da uku. Na so in gyara, na'urar hannu ta ce sai da lambar shef. Sau huɗu na roƙe shi. Na farko ya ce in ya dawo Maradi. Na biyu ya ce yana da baƙi. Na uku ya ce wannan ba matsayina ba ne. Na huɗu ya ce in na ƙara damunsa akwai mutum goma masu son kujerata." Ta ɗan tsaya. "Ba ni da kujera, ranka ya daɗe. Banci ne."

Kapitan ya karɓi kaye ya buɗe, ya bi da ido.

"Lalla, matar Dauda Mai Rijiya."

Tsohuwa ta sunkuyar da kai kamar yarinya, ta ja zane har ido.

"Shi ne," ta ce a hankali. "Kai dai ba ka da ta ido."

Wannan karon kapitan ya yi dariya, gajeriya. Ya rufe kaye ya ɗora kan tebur. Idonsa ya faɗa kan takardar shef. Ya ɗauka ya karanta har ƙasa, bai yi sauri ba.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Shawara ce kawai, *mon capitaine*, don a..."

"Na ce wa ya rubuta?"

"Ni ne."

"Ka je ƙauyen ka duba kafin ka rubuta?"

"Ayyuka sun yi yawa."

Kapitan ya ninke takardar ya sa a aljihun gabansa, ya maɓalle.

"Kaye ba ya fitar da hatsi daga mangaza. Sai abin da ordinatar ta buga. Buɗe ta, ka maido matan nan yanzu ina gani."

*

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Zufa ta keto wa shef ta cikin rigar nan mai guga.

"Babu kuran, *mon capitaine*. Tun safe aka ɗauke wuta."

Kapitan ya leƙa ɗakin waje. "Ba ku da inji?"

Irmiya na tsaye bakin ƙofa. Shi ne mai kula da wayoyi da inji a biron, magidanci ne, ɗan cocin bayan tasha, ba ya shiga abin da ba nasa ba. Ya dubi shef, ya dubi Zara'u, ya dubi ƙasa.

"Akwai inji, ranka ya daɗe. Jiya na cika shi da esansi."

"Tayar."

Minti biyu inji ya kama. Irmiya ya yaye zanen, ya danna, fuskar ordinatar ta yi haske. Ta nemi lamba.

Shef ya zauna. Ya danna da yatsa guda. Ta ƙi. Ya sake. Ta ƙi.

"Wani lokaci rezo ne ke..."

Irmiya ya ce, "Shef, in ka kuskure na uku za ta kulle. Lambar na manne ƙarƙashin abin dannawa."

Shef ya yi masa wani kallo. Amma ya ɗaga, ya karanta 'yar takardar, ya danna ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe.

Kapitan ya miƙe ya tsaya bayansa.

"Nuna mini inda waɗanda aka share suke."

Shef ya kama linzamin na'urar. Kibiya ta yi sama, ta yi ƙasa. Ya buɗe wani wuri, ya rufe. Ya buɗe wani, hoton taswira ya fito, ya rufe da sauri.

"Ina jira."

"Wannan ɓangaren sai injiniya daga Yamai."

"Kai ne shef a nan?"

"Ni ne."

"Wata nawa?"

"Biyar."

"Wa ya share sunayen?"

"Na'ura ce ke..."

"Na'ura ta tashi da kanta ta share? Wa ya danna?"

Shef ya saki linzamin. Ya ɗora hannu biyu kan tebur. Da ya yi magana, muryar ba ta wanda ya tarbe ni da safe ba ce.

"Wanda ya kafa ta kwana biyu ya yi, rabinsu yana zazzaɓi. Abu biyu ya nuna mini. Ya ce ran Juma'a in danna wannan mai ruwan ɗorawa, ta tsabtace. Sannan in danna koren, ta aika. Ya ce zai dawo ya koya mana saura. Bai dawo ba."

"Sai?"

"Shi ke nan abin da na sani."

Inji na ta ruri a waje.

Zara'u ce ta fara magana, a hankali, kamar tana yi da kanta.

"Ashe shi ya sa."

Ta matso taki guda.

"Shef, sau huɗu ina zuwa ƙofar nan. Ina komawa gida ina cewa ni ce ba ni da kai, ni ce ba ka so. Da ka ce mini ba ka iya ba, da mun zauna mun koya tare. Irmiya na jin Ingilishi kaɗan. Sati guda ya ishe mu."

Shef bai ɗago ba.

Inna Lalla ta taɓo ƙafata. "Mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce bai iya mashin ɗin ba."

"Shi babban?"

"Shi."

"To wa ya ba shi?"



Kapitan ya dubi agogonsa.

"Motar hatsi tana Mayahi da sauran buhunan. La'asar za ta koma Maradi, abin da ba shi cikin takarda ya koma da ita. Ke."

"Na'am."

"Kin iya wannan?"

"Ban taɓa taɓa ta ba, an hana mu shiga ɗakin. Amma na yi wata shida ina koyon ordinatar a Maradi, kuma na iya karatu."

"Ki ji da kyau. Har yanzu maganarki ce da kaye da tsohuwa guda. In kika taɓa ta kika ɓata abin da ke ciki, ba zan tambayi wa ya fara ba. Ke da shi duka za ku bi ni. Ko kuma ki bar ta, in jira injiniya, matan su jira rabo na gaba."

"Yaushe ne na gaba?"

"Bayan wata guda, in an samu."

Ƙafafuna suka kai ni tsakiyar ɗaki ban sani ba.

"Ranka ya daɗe, yarinya ce. A jira injiniyan. Ita ta yi iyakar nata, kowa ya gani. Zara'u, kin fita, kar ki sake shiga!"

Ta juyo ta dube ni. Wallahi murmushi ta yi.

"Baba, in ka yanka yadi ka kuskure, jefar da shi kake yi?"

"Ina ajiye ƙyallen ƙarƙashin tebur."

"Ita ma haka take. Ba ta jefarwa, wuri take ajiyewa. Matsa mini kaɗan."

Na matsa. Me zan yi?

Shef ya tashi daga kujerar ba a ce masa ba. Ɗiyata ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta yi bisimilla. Ba ta danna komai ba tukuna. Karatu ta yi, layi layi, leɓenta na motsi. Ni kuma duk addu'ar da na sani na jero ta, har da ta shiga kasuwa.

"Irmiya, wannan kalmar fa?"

Ya sunkuya. "Tarihi. Abin da ya wuce."

Ta danna. Wani shafi ya fito. Ta sake karantawa, ta kai kibiya ƙasa can gefe, inda aka yi rubutu ƙanana. Ta ɗaga yatsa ta tsaya.

Na rufe ido.

Ƙas.

"Ga su."

Na buɗe. Layuka ne jere, jajaye.

"Tudun Auta. Maigida, Maigida, Maigida. Arba'in da biyu, ta bar guda. Kowace ga sunan matar a gefe, ga yawan yaranta. Inna Lalla, ga ki nan, mutum takwas."

Tsohuwa ta miƙe ta leƙa, ko da ba ta karatu.

"Nan nake ciki? Duk kwanakin nan?"

"Nan kike. Akwai wurin maidowa, zan sa sunayen gaskiya daga kaye."

Kapitan ya bi layukan da yatsa yana gwadawa da kaye. Ya duba biyar, ya duba goma. Ya miƙe.

"Tela, ɗiyarka ba ta ƙirƙiri kowa ba."

Na ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Har na soma tunanin abin da zan ce wa uwarta in mun isa gida.

Amma Zara'u ba ta tashi ba. Hannunta na kan linzamin, tana ja ƙasa. Jajayen layukan ba su ƙare ba.

"Ranka ya daɗe."

"Mene ne?"

"Tudun Auta ta ƙare tun can sama. Wannan wani ƙauye ne. Ban taɓa zuwa ba, Abdu ne ya rubuta shi. Malam, Malam, Malam, sau goma sha tara." Ta ja. "Wannan na A'i ne, wajen Mai Rairai. Maigida, sau sittin da ɗaya." Ta ja. "Nan Alhaji. Nan kuma Uban yara."

Kapitan ya dawo bayanta a hankali.

"Ƙauye nawa?"

"Goma sha bakwai."

"Gida nawa?"

Ta kai ƙarshen shafin. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Ɗari shida da goma sha ɗaya."

"An yi rabo a can?"

Irmiya ne ya amsa, da ƙyar. "An gama sha ɗaya daga ciki tun makon jiya. Suna da nisa da hanya, ranka ya daɗe. Ba mai zuwa ƙara."

Kapitan ya cire hularsa ya ajiye kan tebur. Ya dubi shef, ya daɗe yana dubansa.

"Juma'a nawa ka danna?"

Bai jira amsa ba, ya juyo gare ni.

"Tela, ɗauki tsohuwa ku fita."

Na ce, "To, ranka ya daɗe. Zara'u, taso."

"Ita tana nan."

"Amma ka ce ba ta da laifi!"

"Na ce. A duk ginin nan ita kaɗai ta san inda mutanen suke. Kofur, rufe ƙofa."

Na tsinci kaina bisa bancin waje, ni da Inna Lalla. Na ji an murza makulli, ɗiyata na ciki.